Rufe iyaka ko buɗe kasuwa: wa ke biyan harajin shinkafa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a Funtuwa, yayana kuma manomin shinkafa ne. Kullum muka zauna sai mun yi gardama. Shi yana cewa in gwamnati ta bar shinkafar waje ta shigo, to ta kashe manomi. Ni kuwa tun da aka fara tsananta haraji da rufe iyaka albashina bai sake kai ni ƙarshen wata ba. Don Allah a warware mana: harajin shigo da kaya yana gyara rayuwar talaka ne, ko kuwa barin kasuwa ta yi halinta shi ne ya fi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya bar zumunci tsakaninka da yayanka. In na fahimce ka da kyau, abin da kake son sani shi ne, idan gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi a kan kayan waje, ko ta hana su shigowa ɗungurungum, wa ke cin riba, wa ke ɗaukar nauyi, kuma tukunyar talaka ƙaruwa take yi ko raguwa. Gardamar nan da kuke yi a zaure ita ce masana tattalin arziki suka shafe fiye da shekara 200 suna yi, kuma ta ƙi mutuwa ne domin kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Ni na daɗe ina koyar da tattalin arziki, ina kuma aiki da ƙungiyoyin manoma da masu ƙananan injinan casa a Kano da Jigawa da Kebbi, sannan mahaifina ma'aikacin masaƙa ne, a Kakuri ta Kaduna na tashi, don haka ba a aji kaɗai na san wannan magana ba. Zan faɗa maka inda na tsaya tun yanzu: harajin shigo da kaya bashi ne da ake karɓa daga aljihun mai saye a miƙa wa mai samarwa, kuma bashi ba a karɓarsa sai an san abin da za a yi da shi da ranar da za a biya. Mu a Najeriya mun jima muna karɓar wannan bashi ba tare da mun tsayar da ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Daga wane aljihu kuɗin ke fita

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙasar da ta aiko kaya ita ke biyan harajin. Ba haka abin yake tafiya ba. Ɗan kasuwar da ya yi odar shinkafa shi ke biyan jami'an kwastan a tashar jirgin ruwa ta Legas, shi kuwa ba zai haɗiye asarar ba, zai ɗora ta a kan buhu ne. Mai sari ya saya a hannunsa ya ɗora tasa riba, mai shago ya ɗora tasa, har abin ya iso ga uwargidan da ta aiki yaro da kwano. Sannan akwai abu na biyu da ba a cika lura da shi ba, wato idan shinkafar waje ta yi tsada, 'yar gida ma tashi take yi ta bi sawunta, domin mai ita ya san ba inda mai saye zai gudu. Wannan tashin shi ne ainihin manufar harajin tun asali, saboda in farashin 'yar gida bai tashi ba, to manomi bai ga wata kariya ba. Ke nan abin da ya shiga aljihun yayanka daga naka ya fita, kuma wannan ba laifinsa ba ne, haka aka gina tsarin.

Ko a Amurka, inda ake da lissafin komai a rubuce, an ga haka ƙarara. A 2018 gwamnatin Donald Trump ta ɗora haraji a kan injinan wanki da ake shigowa da su, sai masu bincike suka tarar farashinsu ya tashi da kimanin kashi 12 cikin 100, har da waɗanda aka ƙera a cikin ƙasar. An sami sababbin ayyuka a masana'antu, amma da aka raba ƙarin kuɗin da masu saye suka biya a kan yawan ayyukan, sai ga shi kowane aiki ɗaya ya ci wa jama'a fiye da dala dubu 800 a shekara.

A wurinmu lamarin ya fi ciwo, domin abinci ake magana ba injin wanki ba. Ƙididdigar hukuma ta 2019 ta nuna fiye da rabin abin da gidajen Najeriya ke kashewa a kan abinci yake tafiya, kuma na talaka ya fi haka nesa. Mai kuɗi in buhu ya ninka ko a jikinsa. Mai albashi irinka kuwa sai ya rage kwano, ko ya koma garin kwaki. Har a cikin manoman ma ba kowa ke amfana ba, kuma wannan ita ce maganar da nake so yayanka ya saurara da kyau. Manomin da ke da rarar buhu 50 ya sayar, tsada alheri ce a gare shi. Amma ƙaramin manomi wanda ke sayar da ɗan abin da ya samu da kaka domin biyan bashin taki da hidimar aure, sannan ya dawo kasuwa da damina yana awo da kwano, shi mai saye ne fiye da yadda yake mai sayarwa. Haka ɗan ƙwadago da ke yi wa wasu shuka da yanka, da makiyayi, da manomin gero a tudu wanda ko kara ɗaya na shinkafa ba ya shukawa.

Abin da masaƙu suka koya mana

Lokacin da nake yaro, jiniyar masaƙa ita ce agogon unguwarmu. Da ta yi kuka sai ka ga kekuna sun cika titi, masu tashi daga aikin dare suna fitowa da farin auduga a gashin kansu, masu shiga na safe suna tsayawa wurin matan da ke sayar da koko da ƙosai a bakin ƙofa. Albashin mahaifina shi ya riƙe gidanmu, shi ya yi mana makaranta, har a ƙauye ana jiran ƙarshen wata. An buɗe masaƙa ta farko a Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau da Legas, har ya zama a shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura 100, kuma babu ɓangaren masana'antu da ya kai su ɗaukar ma'aikata. Audugar da ake nomawa a yankinku na Funtuwa da Malumfashi ita ke ciyar da su. Ranar da aka kulle masaƙar da mahaifina ya yi wa aiki, ya dawo gida da katin shaidarsa a aljihu bai ce wa kowa komai ba. Ya yi shekaru yana zuwa taron tsofaffin ma'aikata a kan haƙƙinsu na sallama, abokan aikinsa waɗanda suka ƙware a kan injin saƙa wasu suka koma acaɓa, wasu gadi. Saboda haka idan wani ya ce mini kasuwa a buɗe ba ta cutar da kowa, na san bai taɓa zama a irin unguwarmu ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko da ta yi mini ɗaci. Ba rashin kariya ya kashe masaƙunmu ba. A mafi yawan shekarun 2000, lokacin da suke rufewa ɗaya bayan ɗaya, doka ta haramta shigo da atamfar waje, kuma a daidai wannan lokacin ne Kantin Kwari ya cika maƙil da atamfar ƙasar Sin da ke biyowa ta Kwatano ta ratso Nijar. Abin da ya faru shi ne an ba masaƙu katanga, ba a ba su abin da za su tsaya da ƙafarsu ba. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, kowace masaƙa ta koma dogaro da janareto da baƙin mai. Bayan tsarin SAP na 1986, wato shirin gwamnati na sake fasalin tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadarin rini suka yi tsada, aka kuma rushe hukumar cinikin auduga ba tare da an kafa wani abin da zai kula da iri da inganci ba, sai iri ya gauraye, audugar ta lalace. Injinan da yawa tun na farkon kafuwa ne, kuma mai masaƙar da ya san doka ta tsare masa kasuwa ba ya gaggawar sabunta su. Da ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a ƙarshen 2001, tazarar farashi ta yi faɗin da babu jami'in kwastan da zai iya toshe ta. Macen da za ta yi wa 'ya'ya biyar ɗinkin salla ba ta tambayar inda aka saƙa turmi, kuɗinsa take tambaya, kuma ba wanda ke da bakin zarginta.

Tarihin shinkafa a taƙaice, da abin da na gani

Shinkafa ta sha juyi a hannun gwamnatoci. An hana shigo da ita a 1985, aka ɗage hanin a 1995. A farkon 2013 aka kai harajinta kashi 110 cikin 100, a 2014 aka sauko da shi zuwa 70 ga 'yan kasuwa da 30 ga masu zuba jari a noma da casa. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya daina ba masu shigo da kaya iri 41 dala a farashin gwamnati, shinkafa na ciki, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma lamuni na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. A watan Agustan 2019 aka fara rufe iyakokin ƙasa, wata ɗaya kacal bayan Najeriya ta sa hannu a Yamai a kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020, inda aka fara da Seme da Illela da Maigatari da Mfum.

Dole in ba yayanka gaskiyarsa a nan. A waɗannan shekaru noman shinkafa ya haɓaka ƙwarai. Na ga fadamun da a da ake bari fayau da rani a Argungu da Suru da Auyo sun koma kore shar, na ga samarin da ke tafiya ci-rani Legas sun zauna gida suna ban-ruwa. Injinan casa manya da ƙanana sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, kuma shinkafar gida da a da sai an zauna an tsince tsakuwa ta koma fes, har ka kasa bambanta ta da 'yar waje a faranti. Mata masu turara shinkafa a Kura sun sami sana'a mai ƙarfi. Wannan duk ba ƙarya ba ne, kuma wanda ya musa shi bai je gona ba.

Sai dai na ga ɗaya fuskar ma. Jamhuriyar Benin, ƙasar da yawan mutanenta bai kai na jihar Kano ba, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen turararriyar shinkafar Tailan a duniya, alhali kowa ya san ba a can ake cinye ta ba. A lokacin tana sauka a Kwatano da ɗan haraji kaɗan, ta hau mota zuwa Gaya da Birnin Ƙonni da Maraɗi, daga nan ta tsallako. Na taɓa kwana a wani ƙauye kusa da Jibiya a lokacin da iyaka ke rufe. Da dare ya raba sai na ji ƙarar babura ta cikin gonaki ba fitila, kowane ɗauke da buhu uku ko huɗu, wasu ƙananan motoci kuma an cire kujerun baya an ɗaga ƙafafunsu don su ɗauki nauyi. Yaran da ke tuƙa su da yawa ba su kai shekara 20 ba, a kan kowane buhu ake biyansu, kuma mai masaukina ya lissafa mini waɗanda suka rasa ransu a guje-guje. Da shinkafar ta iso gari sai a juye ta a buhun kamfanin gida. Ka duba wannan lissafi: kai ka biya tsada, gwamnati ba ta karɓi ko kwabo ba, yayanka bai tsira daga gasar ba, ribar ta tafi ga mai fasa-ƙwauri da wanda ya kau da kai a shingen hanya. Najeriya da Nijar suna da iyaka mai tsawon kilomita kusan 1,500, mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya. Duk harajin da ya sa tazarar farashi ta yi yawa tsakanin Maraɗi da Katsina, ɗaukar ma'aikata yake yi wa fasa-ƙwauri.

Rufe iyakar kuma bai tsaya a kan shinkafa ba. Ya taɓa 'yan kasuwar Dawanau masu kai hatsi Nijar, ya taɓa masu kawo dabbobi da wake ta Maigatari da Illela, ya taɓa masana'antun Kano da Legas da ke sayar da robobi da sabulu da takalma a maƙwabta. Hauhawar farashin abinci da ke wajen kashi 13 cikin 100 a Agustan 2019 ta kusa kai 20 a Disamban 2020, ko da yake annobar korona da ambaliyar da ta cinye gonakin Kebbi a 2020 da matsalar 'yan bindiga duk suna da hannu a ciki. Lamunin manoma kuwa, an raba fiye da naira tiriliyan 1, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. A ƙungiyoyin da na yi aiki da su na ga manoman gaske da suka karɓa suka biya, na kuma ga sunayen mutanen da ko hanyar fadama ba su sani ba.

Babban abin da ya fi damuna shi ne wannan: mun ƙara yawan shinkafa ta hanyar ƙara faɗin gona, ba ta hanyar ƙara abin da gona ke bayarwa ba. Hekta ɗaya a Najeriya tana ba da kimanin tan 2 a matsakaici, a Biyetnam kuwa kusan 6. Muddin wannan tazara tana nan, shinkafar da ta keto teku za ta ci gaba da fin tamu araha, ko da an gina katanga ta kai sama.

Yadda ake auna ko rayuwa ta gyaru

Kada ka auna da yawan nairar da ke shigowa hannu, ka auna da abin da take saye. A 2015 mafi ƙarancin albashi naira dubu 18 ne, buhun shinkafa mai kilo 50 kuma yana wajen dubu 10, wato albashin wata ya kusa sayen buhu biyu. A 2024 an mai da albashin dubu 70, amma buhu ya haura dubu 80 a kasuwanni da dama, wato albashin wata bai kai buhu ɗaya ba. Kukanka ke nan, kuma kuka ne na gaskiya. Amma zan yi maka rashin adalci in na bar ka ka ɗora duka laifin a kan haraji. A tsakanin waɗannan shekaru dala ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500, litar fetur ta tashi daga naira 87 zuwa sama da 1,000 bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, 'yan bindiga kuma sun kori manoma daga gonaki a Zamfara da Katsina da Neja da wasu sassan Kaduna da Sakkwato. Waɗannan sun fi haraji nauyi a kan farashin da ka gani a 2024, shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Ko da an buɗe ƙofa wangale a lokacin, da dala ake sayen shinkafar waje, kuma dalar ce ta gudu.

Shi ma yayanka yana da nasa ma'aunin, wato buhu nawa na shanshera zai sayar ya sayi buhun taki ɗaya, ko ya cika jarkar injin ban-ruwa. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama casarta ba. A 2025 farashin hatsi ya sauka a kasuwanni da yawa, masu albashi suka ɗan numfasa, amma taki da mai da maganin feshi ba su sauka ba. Wanda ya shuka da lissafin farashin bara ya girbe asara. Wannan ne ciwon da ya fi kowanne a siyasar cinikayyarmu, yau a rufe gobe a buɗe ba tare da gargaɗi ba. Manomi yana yanke shawara wata shida kafin girbi, mai injin casa kuwa shekara goma yake hangowa kafin ya ci bashin banki, kuma babu ɗayansu da zai zuba jari na gaske a kan dokar da za a iya sauyawa da sanarwa guda a rediyo.

Me wasu ƙasashe suka yi

Masu goyon bayan buɗe kasuwa sukan kawo Ingila, wadda ta soke harajin hatsi a 1846 ƙarƙashin Robert Peel bayan doguwar gwagwarmaya tsakanin masu manyan gonaki da ma'aikatan birane masu neman burodi mai araha. Sukan kuma kawo dokar Smoot-Hawley ta Amurka ta 1930, wadda ta ƙara haraji a kan kayan waje, ta jawo ramuwar gayya daga wasu ƙasashe ta ƙara dagula karayar tattalin arzikin wancan zamani. Masu goyon bayan kariya kuwa sukan ce ita kanta Amurka a bayan katangar haraji mai tsawo ta gina masana'antunta a ƙarni na 19, kuma garuruwanta masu masaƙu da kamfanonin kujeru sun ga irin abin da Kakuri ta gani bayan ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 2001. Wannan fushin yana cikin abin da ya haifi harajin da Trump ya ƙaƙaba wa kusan duk duniya a watan Afrilun 2025, har da Najeriya. Duka ɓangarorin biyu tarihi na gaske suke kawowa.

Misalin da ya fi yi mini amfani shi ne Koriya ta Kudu daga shekarun 1960, zamanin Park Chung-hee. Ta kare kamfanoninta, ta ba su bashi mai sauƙi, amma ta gindaya sharaɗi: sai kamfani ya sayar da kayansa a kasuwannin waje, inda babu mai yi masa alfarma. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa, wanda ya kasa a janye. Ta haka gwamnati ta san wanda ke koyon aiki da wanda ke kwance a inuwa. Mu kuwa ka duba siminti. Tsarin da aka ɗauka a 2002 na tilasta wa masu shigo da shi su kafa masana'anta a gida ya yi aiki, an gina manyan kamfanoni irin na Obajana, ƙasar da ke jiran jiragen siminti ta zama mai wadatar kanta. Amma kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan dukkan kasuwar, kuma mai neman ɗaga ɗaki ɗaya bai ga sauƙin da aka yi masa alkawari ba. Idan aka kori gasar waje ba a samar da gasa a gida ba, mai saye ya ci gaba da biyan bashin da ba a gaya masa ranar ƙarewarsa ba. Mu tuna kuma cewa Kano ba da rufe ƙofa ta yi arziki ba; lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya iso ta a 1851 ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ana kai su har Timbuktu.

Inda na tsaya, da iyakar abin da zan iya yanke muku

Ban yarda a saki shinkafa sakaka ba. Abinci ba kamar sauran kaya yake ba, kuma mun ga abin da ya faru a 2023 lokacin da Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa sayar da shinkafa a duniya, ta hana fitar da wasu nau'o'inta ta kuma ɗora haraji a kan turararriya, farashi ya yi tsalle ko'ina. Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 ba za ta rataya cikinta a kan shawarar wata gwamnati ba. Ban kuma yarda da rufe iyaka ko harajin da ya ninka farashi ba, saboda dalilan da na ba ka. Abin da nake gani shi ne haraji matsakaici wanda bai yi nisa da na maƙwabtanmu ba, ta yadda ɗaukar buhu a kan babur cikin dare ba zai biya wahalarsa ba. A rubuta shi a doka na shekara biyar ko goma, a sanar tun farko yadda zai riƙa sauka, kada a taɓa shi ana tsakiyar damina. Kuɗin da aka tara kuma a ga inda suka shiga: gyaran magudanan ruwa na Kadawa da Bakolori da kwarin Haɗeja, ingantaccen iri, wuta ga injinan casa, hanyar fito da amfani, da tsaron da zai bar manomi ya kwana a gonarsa. Waɗannan su ne kaɗai ke sa yayanka ya ci riba a farashin da kai za ka iya biya, domin manomin da ke samun tan 5 a hekta zai iya sayarwa da araha ya kuma fi samun kuɗi a kan mai tan 2.

Akwai iyakar da ilimina ya tsaya. Abin da na gani da idona a Arewa maso Yamma na gan shi, kuma lissafin manomin Ebonyi ko Binuwai ba lalle ya zo daidai da na Kebbi ba. Sannan tattalin arziki yana iya nuna maka wanda ya samu da wanda ya rasa, amma ba ya iya yanke hukuncin nawa ya dace malamin firamare ya sadaukar domin manomi ya zauna a ƙauyensa. Wannan magana ce ta adalci, kuma ta al'umma ce da waɗanda ta zaɓa.

Shawarar da zan ba ku ita ce wadda nake fara yi da kowace ƙungiyar manoma. Ku sami takarda ku zauna bayan la'asar, yayanka ya faɗi duk abin da ya kashe a noman bara, daga huɗa da iri da taki da feshi da man ban-ruwa, zuwa kuɗin 'yan yanka da bugu da buhu da mota, kai kuma ka rubuta ka raba a kan yawan buhunan da ya samu. Daga nan ku tambayi mai injin casa kilo nawa na tsaba ke fita daga buhun shanshera, da abin da yake kashewa a kan man gas. A yawancin lissafin da na yi da manoman rani, taki da man ban-ruwa su ne suka fi cin kuɗi, kuma da an rage su ko da kashi ɗaya cikin huɗu, tazarar da ke tsakanin farashin da yayanka ke nema da wanda albashinka zai ɗauka za ta ragu sosai. In kun gama, ka aiko mini da alƙaluman mu duba su tare.